"Gidansu akwai hauka": maganar gado da ƙwaya

Duk wanda ya taɓa shiga binciken aure ya san yadda ake yi. A tura baffa unguwar su yaro, ya samu wani dattijo a kan dakali, dattijon ya waiga dama da hagu, ya rage murya ya ce, "Yaron dai ba ruwansa, amma fa ƙanin babansa ya taɓa zarewa." Shi ke nan, magana ta mutu. In ka nemi ƙarin bayani a ce maka barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Wallahi abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ba don ina musun gado ba ne. Gado gaskiya ne. Ɗauki cutar da likitoci ke kira sikizofiriniya, wadda mutum ke jin muryoyin da babu mai jin su sai shi, yana ganin ana bin sa da sharri. A cikin jama'a, wajen mutum 1 cikin 100 take kamawa. Idan uwa ko uba na da ita, lissafin ya kan kai wajen 10 cikin 100. Tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, masu halitta iri ɗaya sak, idan ta kama Hassan, a kusan rabin lokuta ne kawai take kama Husaini. To ku duba da kyau. Ɗan da mahaifinsa ke fama da ita, tara cikin goma zai ƙare rayuwarsa ba ta kama shi ba. Balle wanda ƙanin babansa ne. Wannan ba sikila ba ce da za a ɗebi jini a ce AS ko SS. Ɗaruruwan ƙwayoyin halitta ne kowace ke ba da ɗan kaɗan, sauran kuma rayuwa ce ke cikawa.

A shaye-shaye ma haka ne. Masu bincike na kiyasta rabon gado tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100. Shi ya sa abokai biyu za su fara haɗiyar tiramadol rana ɗaya don su jure dako ko tuƙin Keke Napep, ɗaya ya bari bayan wata biyu, ɗayan kuma ya kai ga sayar da keken ɗinkin mahaifiyarsa. Amma ku dubi sojojin Amurka a yaƙin Biyetnam. Wajen ɗaya cikin biyar ya kamu da hiroyin a can, Amurka ta tsorata da abin da zai biyo baya. Da wata mai bincike, Lee Robins, ta bi sawunsu bayan sun koma gida a farkon shekarun 1970, sai ta tarar wajen kashi 5 cikin 100 na waɗanda suka kamu ne kawai suka sake komawa shan ta cikin shekarar farko. Jininsu bai canja ba. Fargabar mutuwa ce ta kau, ƙwaya mai araha ta yi nisa, ga iyali, ga aiki.

Mu a nan me muka tanadar wa yaro? Rahoton UNODC (ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi) da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 ne a Najeriya suka yi ta'ammali da ƙwaya cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. An haramta kodin na maganin tari a watan Mayun 2018, amma rashin aikin yi, da sakin aure barkatai, da 'yan siyasar da ke raba wa matasa kayan maye lokacin kamfe, duk suna nan.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ɓoyon da tsoron gori ke haifarwa. Gidan da aka san akwai taɓin hankali a dangi, su ne ya kamata su fi kowa zaunar da ɗansu su ce masa, "Kai ba kamar abokanka ba ne, wiwi na iya buɗe maka ƙofar da ba za ta rufu da sauƙi ba." Tun 1987 wani bincike a Suwidin da ya bi samari sama da 45,000 ya nuna masu yawan shan wiwi sun ninka sauran har kusan sau shida wajen kamuwa da sikizofiriniya. Amma sai a yi gum, don kar a hana 'yan matan gidan miji. Yaro ya tashi bai san komai ba. Ranar da ya fara sambatu a ce sammu ne, ko a kai shi gidan mari. Ba mu manta da mutum sama da 300 da aka fito da su daga wani gida a Rigasa da ke Kaduna a 2019 ba, wasu da sarƙa a ƙafa.

Ba na hana kowa addu'a da ruƙiyya, ni ma ina yi. Amma a haɗa da asibitin ƙwaƙwalwa: akwai Dawanau a Kano, akwai Barnawa a Kaduna, akwai Kware a Sakkwato, akwai na Maiduguri. Kuma idan likita ya tambaya ko akwai wanda ya taɓa irin wannan a dangi, don Allah a faɗa masa gaskiya, ko da kaka ce da ta rasu shekaru talatin da suka wuce.