Homon ɗin tsiro daban, na mutum daban

Saƙon muryar nan da ya kwana uku yana yawo a wayoyin jama'a ya ɓata mini rai ƙwarai, musamman da na ga masu ilimi suna tura shi gaba ba tare da sun tsaya sun yi tambaya ko ɗaya ba. Wai 'ya'yan itacen da aka nunar da homon na tsirrai suna sa 'yan mata balaga da wuri, suna kuma hana haihuwa. Maganar ba ta da tushe, kuma ruɗin suna ne kaɗai ya haife ta.

Kalmar homon, wadda Ernest Starling ya fara amfani da ita a Ingila a 1905, suna ne na aiki, kamar a ce ɗan aike. Daga baya masana tsirrai suka are ta, amma suna linzami ne kawai, bai mai da abu biyu ɗaya ba. A jikin mutum da dabba akwai gaɓoɓi na musamman da ke haɗa homon su zuba shi a jini, jinin ya kai shi inda zai yi aiki. Insulin, alal misali, daga fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, yake fitowa ya daidaita sukarin jini. Tsiro kuwa ba shi da jini, ba shi da irin waɗannan gaɓoɓi. Oksin, ɗaya daga cikin homon ɗin tsiro, yakan samu ne a kan toho da sabbin ganyaye, ya riƙa gangarowa daga ƙwayar halitta zuwa ta kusa da ita, kuma adadin da ke sa kara ya yi tsawo shi ne zai iya tsayar da saiwa daga girma. Etilin, homon ɗin tsiron da ake ta wannan hayaniya a kansa, iska ce mai sauƙin gini, kabon biyu da haidurojin huɗu, wadda ayaba da tumatir da tuffa suke fitarwa da kansu idan sun fara nuna, ko mutum ya sa hannu ko bai sa ba.

Ga abin da nake so a riƙe da kyau: homon ba ya aiki sai ya tarar da mazaunin da aka yi dominsa a ƙwayar halitta, kamar yadda mabuɗi ba ya buɗe kwadon da ba nasa ba. Mazaunin etilin yana jikin tsiro. Babu shi a mahaifar mace, babu shi a gaɓoɓin da ke tafiyar da balaga. Duk wanda ya taɓa cin nunannen tumatir ya ci abin da etilin ya nunar.

Na san za a kawo mini zancen waken soya. Gaskiya ne yana ɗauke da sinadaran da suka ɗan yi kama da homon ɗin mata, sai dai su ba homon ɗin tsiro ba ne, shukar tana amfani da su ne wajen kare kanta da kiran ƙwayoyin bakteriya na ƙasa. Za a kuma ce ai kabaid da wasu ke nunar da kaya da shi yana da illa. Tabbas yana da ita, domin yakan zo da gurɓatar asenik da fosfaras, kuma ina goyon bayan hana shi. Amma wannan maganar guba ce, kada a jingina ta ga homon a tsorata iyaye har su hana yaransu abin da jikinsu ke buƙata.

Abin da ya fi damuna shi ne, ilimin nan ba ya wuyar gwadawa. A 1880 Charles Darwin da ɗansa Francis sun rufe kan tohon ciyawa da ƙaramar hula, suka ga ya daina karkata zuwa ga haske, suka gane cewa saƙo daga sama yake saukowa. A 1926 Frits Went a Holand ya tatso saƙon, wato oksin, a cikin ɗan curin agar, wani abu mai kama da jeli, ya ɗora shi a gefen tohon da aka yanke wa kai, tohon ya lanƙwashe a cikin duhu. Gwajin Darwin ɗin nan, iri da ƙasa da taga kawai yake buƙata, kuma ina roƙon malaman kimiyya su sa ɗalibansu su yi shi da hannunsu a wannan zangon karatun.