Kaurin IPN ba ya hana shi murɗewa

Masu walda da yawa a Maradi sun ɗauka cewa muddin ƙarfen IPN, wato dogon ƙarfen gini mai siffar harafin I, na da kauri, duk ƙarfen da aka jingina masa zai ɗauka lafiya. Wannan kuskure ne, kuma ya fi damuna a rufin mangaza da benen shaguna.

IPN na da ƙarfi sosai idan nauyi ya sauko daidai kan tsakiyarsa. Amma idan aka liƙa ƙaramin ƙarfe a gefe ɗaya kawai, nauyin ya kauce daga tsakiya, sai ya riƙa juya babban kamar ana matse wanki. Tan 1 da ya kauce da santimita 10 daidai yake da kilo 100 rataye a bakin sanda mai tsawon mita 1. Siffar IPN a buɗe take, shi ya sa ba ta jure wannan juyi. Bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, da yake rufaffe ne, ya fi ta jurewa nesa ba kusa ba.

Don haka a matso da mahaɗin jikin farantin tsakiya na IPN, wato tsayayyen sashen da ya haɗa samansa da ƙasansa, ko a ɗora ƙarafan ta gefe biyu su daidaita juna. Inda dole nauyin ya zauna gefe ɗaya, kamar ƙarfen bakin gini, injiniya ya lissafa murɗewar kafin a yanka ƙarfe.