Hoto Babu Mutum Asarar Batir Ne

Mu mutanen Maraɗi ba mu da duwatsu irin na Damagaram, shi ya sa duk sanda hanya ta bi da ni can, idona ba ya sauka daga kansu. Manya ne, masu sulɓi, wani a kan wani, ka rantse iska mai ƙarfi za ta mirgino su kan gidajen mutane, alhali suna nan tun kafin Sarki Tanimu ya kewaye Birni da ganuwa. Da tsakar rana ba su da wani fasali, zafi kawai suke fitarwa. Amma bari la'asar ta yi sakaliya, rana ta sunkuya, haskenta ya ratso ƙurar hunturu: nan take dutsen zai yi ja, inuwa ta miƙe, kowane tsagi ya fito fili. Abin ba ya daɗewa, don ranar ƙasarmu in ta tashi faɗuwa ba ta sallama da kowa. Wannan ɗan lokacin na ƙudura sai na kama a wayata.

Mun bar Tasawa, mun wuce Takeita, muna cushe cikin motar haya. Bayan Tirmini, inda mayaƙan Sarki Amadu Kuran Daga suka gwabza da Faransawa a 1899, duwatsu suka soma leƙowa. Rana tana bayanmu, hasken yana zuba a kansu daidai yadda ake so.

Na ce, "Direba, don Allah ɗan tsaya."

Ya ce, "Fitsari?"

"A'a, hoto."

Motar ta yi tsit. Wata Hajiya da tun daga Tasawa take danne mini ƙafa da buhun albasa ta juyo ta ce, "Hoton wa, ɗana?" Na ce na dutse. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, "Dutsen nan kakana ya tarar da shi, gobe ma yana nan. Ni kuwa jikata ce ke naƙuda a Garin Malam." Direba bai ce uffan ba, ƙara wuta kawai ya yi. Na miƙa waya ta taga na danna. Abin da na samu shi ne gwiwar hannun karen mota da rabin turken lantarki.

Muna sauka tasha na tare ɗan kabu-kabu, na ce Birni, kan dutse, kafin rana ta faɗi. Muka shirya a dala 100. Ya gargaɗe ni tun da wuri cewa kada in kuskura in juya waya wajen tsohon barikin nan da Faransawa suka gina, don masu kaki ba su san wasan hoto ba. Na ce na ji. Sai dai bawan Allahn nan kaf Zango babu wanda bai sani ba. Ya tsaya ya gaida mai shayi, ya tsaya ya yi wa wani barka da suna, ni kuwa ina bayansa ina kallon rana tana zamewa bayan katangu.

Da muka isa na tuɓe takalmi, don roba ba ta kama dutsen. Ashe zafin da ya sha tun safe bai sake shi ba. Haka na hau ina ɗaga ƙafa kamar zakara a kan garwashi. Kafin in kai sama yara sun fi goma a bayana, kowa yana cewa, "Malam, a ɗauke mu!" Na lallaɓa su da alkawarin za a zo kansu. Na saita waya. Ga rufin gidajen ƙasa na Birni sun yi ja, ga hasumiyar masallaci, ga wani dutse mai kan tulu a gaba. Babu abin da ya rage sai in danna.

"Kai baƙo, ba a sallama a garinku?"

Wani dattijo ne zaune a lungun dutsen, da carbi da ƙaramar rediyo. Na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi hanya, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen Maraɗi unguwa-unguwa. Daga nan ya sanar da ni cewa garin nan da nake gani shi ne babban birnin ƙasa kafin a mayar da shi Yamai a 1926, ya kuma kawo nasa ra'ayin a kan wannan shawara, wanda ba gajere ba ne. Ni dai "haka ne, Baba" nake ta yi, ido ɗaya a yamma.

Da ya gane dutse zan ɗauka, sai ya ajiye carbi. Ya ce, "Dutse kawai? Hoto babu mutum ai asarar batir ne. Bari in tsaya maka." Na ce to, Baba, bismilla. Ya ce a'a, ba da wannan hular ba. Ya tura jikansa gida ya ɗauko ta sallah. Yaron ya dawo da wata, aka ce ba ita ba, ya koma. Wa zai ɗaga waya alhali dattijo ya ce a jira? Jan nan ya koma ruwan toka ina ji ina gani. Hula na isowa, ladan ya ɗaga murya.

Duk da haka na ɗauka. Baba ya tsaya ƙyam, yara suka kewaye shi, ɗan kabu-kabu ma ya hauro ya dafa kafaɗar wani. Hoton ya fito baƙi ƙirin, ba ka ganin komai sai farin hula da haƙoran yara, sai wani duhu a baya wanda ni kaɗai na san dutse ne. Baba ya karɓi wayar ya nisanta ta da ido, ya ce ma sha Allah.

Washegari da sassafe aka yi sallama a masaukina. Jikan Baba ne, ɗan kabu-kabu ya kwatanta masa gidan. Ya durƙusa ya ce, "Baba yana gaisuwa. Ya ce a wanke guda biyu, ɗaya na ɗakin Inna, ɗaya na ɗakin amarya. Ya ce kuma in da hali a cire dutsen, shi ne ya tare masa haske."