Agogon ƙwayar halitta bai tsaya ba

Ɗaliban kimiyyar halittu a nan Maraɗi sukan ce idan aka ciro ƙwayoyin halitta, wato ƙananan tubalan da suka gina jiki, aka zuba su a faranti, agogonsu na awa 24, wato zagayen aikin da suke maimaitawa kowace rana, yakan mutu bayan ƴan kwanaki. Hujjarsu ita ce zanen awon bugun agogon, mai hawa da sauka, yana ta lafawa har ya miƙe.

Ba haka ba ne. Awon nan na taron ƙwayoyi ne gaba ɗaya. A 2004 masu bincike a Jeniba da Amurka suka sa wa ƙwayoyin alama mai haske, suka bi su ɗaya bayan ɗaya, sai ga kowace tana bugawa daram. Wata kan ɗan yi gaggawa, wata ta yi jinkiri, har su saɓa. Kamar mata ne a bakin turmi: in lugude ya watse, na nesa hayaniya kawai yake ji, alhali babu wadda ta ajiye taɓarya.

Shi ya sa nake roƙon ɗalibi ya auna inda kowace ƙwaya take a zagayenta, sannan ya yi lissafin Kuramoto, wanda ke nuna yadda bugunsu ya zo ɗaya: 1 na nufin sun daidaita sarai, kusa da 0 sun watse. Amma a kula, in ƙwayoyin kaɗan ne, lissafin kan haura 0 ko da babu abin da ya haɗa su.