Safar tace ruwa ta ishe ni

Duk hidimar tankin kifi babu mai ƙona mini rai kamar safar tace ruwan nan, wato jakar ƙyalle mai tare datti da ke rataye a tankin tacewa na ƙarƙashin tankin kifin. Kwana 3 kacal ta toshe, ruwa ya fara malala ta bakinta. In ka yi kasala ka bar ta, kashin kifi da ragowar abinci su ruɓe a ciki, naitiret (sinadarin da ke taruwa a ruwa daga ruɓewar ƙazanta) ya hau, gansakuka ta mamaye gilashi.

Wankin kuwa shi ne azabar. Sai ka juya cikinta waje, wani baƙin ƙazanta mai ƙarni ya maƙale maka a farce, kana fesa ruwa yana fallatsa maka a fuska. Mai maikuron 100 (ma'aunin girman ramukan ƙyallen ke nan) ta fi mai 200 saurin toshewa, ga taurin kai wajen fita. Sabulu kuma haram, ɗan abin da ya rage cikin zaren ya isa ya cutar da kifi. Dole sai bilic marar ƙamshi, a ɗauraye, a sake ɗaurayewa, a shanya ta bushe ƙarau har warin ya tafi.

Guda 6 na saya don in huta. Yanzu ga su nan duka a bokiti, suna jirana.