Kwandon zannuwa a ƙofar coci

A bakin ƙofar cocinmu akwai wani kwandon roba shuɗi. A cikinsa zannuwa ne guda huɗu da ɗankwalaye kamar goma, duk sun kwana biyu, sun sha wanki har launinsu ya koɗe. Wata dattijuwa daga cikin Matan Zumunta ce ke kula da shi, mu dai Mama muke ce mata. Aikinta shi ne ta dubi duk macen da za ta shiga sujada, daga kai har ƙafa. Wadda kanta ke buɗe a miƙa mata ɗankwali, wadda siket ɗinta bai sauko ba ko ta sa wando, a miƙa mata zane.

Wata Lahadi cikin damina, wata yarinya ma'aikaciyar jinya ta sauko daga kan acaɓa, kai tsaye daga aikin dare. Kayan aiki ne a jikinta, riga da wando irin na asibiti, idanunta sun yi ja don rashin barci. Mama ta tare ta da murmushi: "'Yata, zo ki ɗaura wannan tukuna." Yarinyar ta rusuna ta ce, "To Mama," ta ɗaura zanen a kan wandon, ta nemi kujerar can baya ta zauna. Kafin a yi addu'ar rufewa ta ninke zanen, ta mayar kwando, ta fice. Rabon da in gan ta a cocinmu tun ranar. Na ji an ce tana zuwa sujadar Turanci a wata majami'a ta cikin gari.

A wannan sujadar dai, lokacin sanarwa, aka ɗaga leshin ankon bikin 'yar wani dattijo aka nuna wa jama'a. Yadi biyar naira dubu arba'in da biyar, ban da gwaggwaro, ban da kuɗin ɗinki. Mata suka yi guɗa. Babu wanda ya nufi kowa da kwando.

Ni mai ɗaura ɗankwali ce, kuma ko gobe aka ce an daina, ba zan daina ba. Haka na taso na ga uwata, kuma idan na shiga gaban Allah da kai a buɗe sai in ji kamar na manta wani abu a gida. Ba kuma raina Mama nake yi ba. Tana da dalilinta, kuma dalilin yana da nauyi. Matan da suka yi zaman Sabon Gari a Kano ko Zariya, ko suka yi aure a Bauci da Gusau, sun san gorin da ake yi mana, cewa mu ne masu yawo tsirara. A wurin irin su Mama, zane har idon sawu da ɗankwali garkuwa ce, amsa ce ga wannan gorin ba tare da an buɗe baki ba. Idan ta ce wa yarinya jikinki haikalin Ruhu Mai Tsarki ne, da zuciya ɗaya take faɗa. Akwai kuma 'yan matan da su da kansu suka zaɓi tsanani. A 2019 an sallami wasu biyu daga sansanin masu yi wa ƙasa hidima a jihar Ebonyi saboda sun ƙi sa wando, sun ce bangaskiyarsu ba ta yarda ba. Ban yarda da fahimtarsu ba, amma ina ganin an zalunce su, kamar yadda nake ganin Kotun Ƙoli ta yi daidai a 2022 da ta ba ɗalibai Musulmi damar sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas. Mace ta rufe jikinta don Allahnta, hakkinta ne.

Damuwata a wani wuri take. Ayar da muka fi jawowa idan ana maganar shigar mata ita ce 1 Timoti 2:9. Ku buɗe ku karanta a hankali, ko a tsohuwar fassarar Hausa ta 1932 ko a wadda muke riƙe da ita yanzu. Bulus ya ce mata su yi shiga ta kamun kai da kunya, sannan ya lissafa abubuwan da yake nufi: kitso na ƙawa, zinariya, lu'ulu'u, tufafi masu tsada. Bitrus ma a wasiƙarsa ta fari, sura 3, kusan jerin ke nan ya kawo. Duk abubuwan nan na masu kuɗi ne. A Afisa, inda Timoti yake, matar attajiri da baiwarta suna iya haɗuwa a ɗaki guda su yi sujada, ɗaya ta sha ado na dukiya, ɗaya da 'yar rigarta guda. Abin da manzon ya hango ke nan. Yakubu kuwa bai ɓoye ba a wasiƙarsa, sura 2: mai zoben zinariya da kaya masu ƙyalli ya shigo an ba shi wurin zama mai kyau, matalauci an ce ya tsaya can. Mu kuwa mun ɗauki ayar da ta yi magana a kan tsadar tufafi mun mayar da ita ma'aunin tsawon siket. An bar jaki ana dukan taiki.

Maganar wando kuma daga Maimaitawar Shari'a 22:5 ake ɗauko ta, inda aka hana mace sa kayan maza, namiji kuma kayan mata. To, a zamanin Musa wa yake sa wando? Maza da mata duk dogayen riguna suke sawa, bambancin a ɗinki da ado yake. Yau ma a Neja Delta dattijon Urhobo ko Ijaw zane yake ɗaurawa ya je coci, ba wanda ya ce ya yi shigar mata. Kiristocin Pakistan mata da wando da doguwar riga suke zuwa sujada, kuma a can shigar mutunci ke nan. A surar nan ta Maimaitawar Shari'a dai, aya ta 11 ta hana sa tufar da aka haɗa ulu da lilin, aya ta 8 ta ce duk mai sabon gida ya yi wa rufinsa katanga. Ban taɓa ganin an kira wani dattijo gaban majalisa a kan waɗannan ba.

Kuma mu daina yi kamar zane da ɗankwali daga Urushalima aka sauko mana da su. Kakata, 'yar kan dutse ce, ta sha ba mu labarin ranar da ta fara ɗaura zane, tana budurwa, lokacin da aka buɗe ajin karatu a ƙauyensu. Da dariya take ba da labarin, wai tana tafiya yana kwancewa. Turawa masu bishara na ƙungiyar SIM da suka fara isowa a 1893, da na ƙungiyar SUM da suka sauka Wase a 1904, da na Cocin 'Yan'uwa da suka kafa sansani a Garkida a 1923, sun tarar da kowace ƙabila da irin suturarta da irin kunyarta. Da harshen Hausa aka yi wa yawancinmu wa'azi, kuma tare da harshen ne shigar Hausawa ta shigo mana, daga kasuwa da maƙwabta. Ita kanta atamfar da muke taƙama da ita, 'yar Holan, kwaikwayon rinin mutanen Indonesiya ce da Turawa suka yi suka kawo mana. Al'ada ce mai kyau, mun karɓa ta zama tamu. Amma al'ada tana da ranar haihuwa, tana kuma canzawa. Ko Cocin Katolika, da dokarta ta 1917 ta wajabta wa mata rufe kai a majami'a, ba ta maimaita wannan doka a kundin 1983 ba, ga shi kuma matan Katolika a Kafanchan da Shendam har gobe suna ɗaurawa, don suna so.

Bari in dawo kan anko, don nan ne abin ya fi ci mini rai. Anko iri biyu ne a cikinmu, kuma bai kamata a haɗa su ba. Akwai yunifom na Zumuntar Mata, wanda majami'un ECWA da COCIN da EYN da HEKAN kowace ke da nata. Wannan hikima ce ta iyayenmu. Ranar taron zumunta, matar kwamishina da mai sayar da ƙosai zane ɗaya suke ɗaurawa, su jeru a layi guda, wannan na kaɗa tulu, waccan na girgiza caki, ba ka iya bambance mai shi da mara shi. Zane ɗaya kuma yakan yi shekaru ana amfani da shi. Idan akwai tufar da ta cika abin da Bulus ya faɗa, to ita ce.

Na biyun shi ne ankon biki, da na cikar shekara, da na godiya, da na jana'iza, wanda yanzu har kala biyu ake fitarwa, na coci daban, na wurin liyafa daban. Wannan raba mu yake yi. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira dubu saba'in ne tun 2024, kuma yawancin matan da nake zama da su a benci ko wannan ba sa samu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, mudun masara ma sai an yi lissafi. Amma mace za ta ci bashi, ko ta kwashe kuɗin adashenta, don kada a ce ba ta yi wa matar fasto kara ba. Na san wadda ta sayar da akuyar da take kiwo don kuɗin jarrabawar ɗanta, ta sayi leshi. Mijinta ya gano, aka kwana uku ba a magana a gidan. Na san wadda ba ta zuwa coci duk ranar da ake bikin da ba ta yi ankonsa ba, sai ta ce zazzaɓi. A wurin liyafa kuwa kowa ya sani, masu anko ake fara ba abinci da tsaraba, saura su jira. Wannan fa shi ne abin da Yakubu ya kwatanta, sai dai mu da atamfa muke yi maimakon zobe. Ban taɓa jin an yi wa'azi guda a kansa ba. Ta yaya za a yi, alhali daga kan bagade ake sanar da farashin?

Akwai kuma abin da tufa ke rufewa wanda ya fi bashi muni. Shekarun baya muna da wata 'yar'uwa a ƙungiyar mawaƙa, kullum cikin riga mai dogon hannu take, ko a zafin Maris, da gyale a kafaɗa. Da ita ake ba 'yan mata misali: ku dubi shigar wance. Ranar da muka je gaishe ta ba ta da lafiya, tana miƙa hannu ta karɓi kofi, hannun rigar ya zame. Shatar bulala ce, sabuwa a kan tsohuwa. Muka kalli juna, muka yi addu'a, babbar cikinmu ta ce, "Ki yi haƙuri 'yata, aure ɗan haƙuri ne, ki rufa wa mijinki asiri." Ni ma ina wurin, kuma ban ce uffan ba. Har yau abin yana damuna.

Ƙasar nan duka ta ji labarin Osinachi Nwachukwu, mawaƙiyar bishara da ta rasu a Abuja a Afrilun 2022. Sai bayan mutuwarta 'yan'uwa da abokan aiki suka fito suna faɗin irin azabar da take sha a gida, kuma a 2025 kotu ta yanke wa mijinta hukuncin kisa. Mutane da yawa sun sani tun tana raye. Akwai dokar hana cin zarafi ta 2015, wadda jihohi da dama suka amince da ita, amma mace nawa ce a cikinmu za ta iya zuwa wurin hukuma ba tare da an ce ta kai ɗan'uwa gaban marasa bi ba? A wurin ɗaurin aure ana karanta Afisawa 5:22 da ƙarfi, mata ku yi biyayya ga mazanku. Ayar da ke gabanta, wadda ta ce ku yi wa juna biyayya, da ta 25, wadda ta ce miji ya ƙaunaci matarsa kamar yadda Almasihu ya ƙaunaci ikkilisiya har ya ba da ransa dominta, su kuma a gurguje ake wucewa. Haka idan ciki ya bayyana kafin aure: sau da yawa dukansu biyun ake sa wa horo, amma ita ce ake hana farar riga, ita ce ake nunawa da baki shekara da shekaru. Yesu da ya yi maganar sha'awa a Matiyu 5:28, mai kallon ya kama da laifi. Kwandonmu kuwa babu komai a cikinsa na maza.

Abin da nake roƙon shugabannin zumunta ba mai wuya ba ne. A daina sanar da ankon biki daga kan bagade. Duk mai son yi ya yi a gidansa, kuma a wurin rabon abinci kada a dubi zanen kowa. A ware mata biyu ko uku masu riƙon amana a kowace majami'a, waɗanda macen da ake duka za ta iya zuwa wurinsu, su kuma su san lambar 'yan sanda da hanyar asibiti, ba addu'a kaɗai ba. Maganar shiga kuwa a bar ta inda ta fi amfani, tsakanin uwa da 'ya, ko a ajin 'yan mata, da lallashi da dalili, ba a bakin ƙofa a gaban 'yan acaɓa ba.

Na kawo maganar a taronmu na ranar Talata. Wasu suka yi gunaguni, wata ta ce 'yan boko sun fara. Mama ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "'Yata, na ji ki. Amma idan na ɗauke kwandon nan, gobe da me za su shigo mana?" Na ce, "Mama, su dai shigo tukuna." Ta yi shiru, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. Da aka tashi, ta riƙo hannuna a waje ta tambaye ni ko na san unguwar da yarinyar nan ta asibiti take zama. Kwandon dai yana nan a ƙofa, ranar Lahadin da ta wuce ma na gan shi, an ƙara sabon zane guda.