Tsarin shekara 20 da babu shi a kasafin bana

Kusan kowane babban birni yana da kundin tsarin ci gaba na shekara 20 ko 30, cike da zanen tituna masu faɗi da layin dogo. Ni abin da nake fara tambaya shi ne, wace doka ce ta tilasta wa mai raba kuɗi ya buɗe kundin nan kafin ya rubuta kasafi?

A nan Afirka ta Kudu inda nake zaune, dokar ƙananan hukumomi ta shekarar 2000 ta wajabta wa kowace majalisar birni ta rubuta tsarin shekara 5 bayan an zaɓe ta, wanda ake kira IDP, kuma a sake duba shi duk shekara. Dokar kuɗi ta 2003 ta ɗaure shi da kasafi. Shekarar kuɗi tana farawa ran 1 ga Yuli, don haka dole magajin gari ya gabatar da daftarin kasafi aƙalla kwana 90 kafin nan, domin jama'a su tofa albarkacin bakinsu. Kasafin kansa yana hango shekara 3. Cikin kwana 28 da amincewa da shi, magajin gari zai sa hannu a jadawalin aiki: aiki kaza, a mazaɓa kaza, kan kuɗi kaza, a gama a zango kaza.

Duk da haka abin yakan lalace, kuma an san ta inda yake lalacewa. Ma'aunin baitulmalin ƙasa shi ne birni ya karɓo kashi 95 cikin 100 na kuɗin da ya caji mutane, ya kuma kashe kwatankwacin kashi 8 cikin 100 na darajar kadarorinsa wajen gyara. Birane da yawa ba sa kaiwa. Sai a gina kasafi a kan kuɗin da ba zai shigo ba. Idan asusu ya bushe, gyara ake fara yankewa, tunda ba a kiran 'yan jarida don an canza tsohon bututu. Bututun ya fashe, ruwan da aka saya aka tace ya tsiyaye kafin ya kai mita, kuɗin shiga ya ƙara raguwa, bashin da Eskom, kamfanin wutar lantarki na ƙasa, ke bin birnin ya hau. Sabon aikin da ke cikin kundin sai ya jira.

A Najeriya matsalar tun kafin a kai nan take. Manyan birane ba su da gwamnati guda tasu. Legas ƙananan hukumomi 20 ce a tsarin mulki, filaye kuma dokar 1978 ta danƙa su a hannun gwamna, sai a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Wanda ba ya riƙe da fili, ba ya riƙe da kuɗi, me zai tsara? Abuja ma da ta samu cikakken tsari a 1979, gidajen masu ƙaramin ƙarfi ba su wadata ba, ma'aikata suka malala har Mararaba a jihar Nasarawa, inda mai tsara Abuja ba shi da ta cewa.

Ana yawan kawo misalin Singafo, mai tsarin dogon zango tun 1971 da ake sabuntawa duk shekara 10. Amma can birnin shi ne ƙasar, kuma mafi yawan filaye na gwamnati ne. Kwaikwayonsa da wuya.

Kuritiba ta Brazil ta fi kusa da abin da za a iya ɗauka. A 1965 ta kafa cibiyar tsara birni ta dindindin, IPPUC, wadda ma'aikatanta ba sa tafiya idan magajin gari ya sauka. Ta ba da izinin dogayen gine-gine a bakin wasu manyan hanyoyi, aka keɓe wa bas layinsa a tsakiyarsu daga 1974, sai fasinja da mota suka haɗu wuri guda. Ta zaɓi bas ne don a lokacin ba ta da kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa.